Gargaɗi: masu tallar tab mai "RAM 16GB, memori 1TB" da ke cewa ka kawo wayarka a yi musanya

Jama'a dan Allah ku tsaya ku karanta wannan kafin ku tura ma kowa kuɗi. Akwai wasu masu tallar tab, wato tablet, da suka cika shafukan sada zumunta da guruf-guruf yanzu, kuma wanda suke farauta shi ne mutumin da ya tsaya yana wasi-wasi, shin waya zai canja ko kuwa tab mai babban sikirin zai saya saboda karatu ko kallo ko ɗan aikin ofis. Sai su ce maka ai ba sai ka wahalar da kanka da zaɓi ba, ga wanda ya haɗa duka biyun, yana cin sim biyu, yana kira, 5G ne, RAM 16GB, memori 1TB, Android 14, batir 10000mAh, ga kibod ga maus ga biro ga jaka duk kyauta a kwali ɗaya, kuma kuɗin bai ma kai na matsakaiciyar waya ba. Wasu har su ce kawo wayarka a yi musanya ka ɗan yi ciko kaɗan. Toh wannan musanyar ita ce ta fi ciwo, ka ba da abin da ke maka aiki ka karɓi abin da ko sati ba zai yi maka ba kafin ka fara da-na-sani.

Tab mai RAM 16GB (RAM shi ne ƙwaƙwalwar da ke riƙe manhajojin da ka buɗe suna aiki) da memori 1TB (wajen ajiya, kusan 1000GB) akwai shi fa, ba ƙarya ba ne. Galaxy Tab S9 Ultra da Samsung ya fitar a 2023 yana da irin wannan, haka manyan iPad Pro masu 1TB, amma suna cikin mafiya tsada a wajen kamfanonin da suka yi su, kuɗinsu ya fi na laftof ɗin mutane da yawa. Kenan in wani ya ce zai ba ka wannan lambobin a kuɗin ƙaramar waya har da kyautar kibod, ai tun daga nan magana ta ƙare. Kuma ku lura da sunayen da suke sa masu, "S23 Ultra Tab", "Pad 6 Pro Max", "i14 Pad" da makamantansu, suna ne da aka tsinto daga nan da can don kunnenka ya ji kamar ka san shi, amma ka juya kwalin gaba da baya ba za ka ga sunan kamfani ko adireshi ko shafin intanet ba, sai hoton duwatsu da taurari da manyan lambobi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, duk abin da ka gani a Settings ƙarƙashin About, rubutu ne kawai, wanda ya haɗa manhajar na'urar shi ke rubuta abin da ya ga dama. Shi ya sa mai sayarwa ke saurin buɗe maka wajen da kansa yana cewa "duba da idonka oga", ko ya turo maka bidiyon yana latsawa. Idonka bai yi ƙarya ba, rubutun ne ƙarya. A ciki yawanci abin da ake samu tsohon inji, wato processor, na kamfanin MediaTek ne irin su MT6580 ko MT6592, na wayoyin shekara goma baya, su kuma 3G kaɗai suka sani, ko 4G ba su kai ba balle 5G, sai a zana maka alamar 5G a saman sikirin ta zauna daram ko a cikin rami kake. RAM na gaskiya 1GB ko 2GB, memori 16GB ko 32GB, Android kuma na 8 ko ƙasa da haka da aka canja masa hotuna da launi.

Wata ƙanwata ɗaliba ta kawo min irinsa na duba mata, wai tun da ta saya in ta buɗe takardun PDF biyu sai ya tsaya cak. Ɗaukarsa da na yi ma na ji shi sakayau kamar ba komai a ciki, alhali batir 10000mAh yana da nauyi, ba ya ɓuya. A baya akwai idon kyamara uku reras cikin baƙin gilashi, na buɗe kyamarar na sa yatsa na rufe na farko hoto na nan, na rufe na biyu hoto na nan, sai a na uku ya yi duhu, sauran biyun roba ce aka liƙa don ado. An rubuta sikirin 4K a kwali, na ɗauki sikirinshot na duba girman hoton ya nuna 1280 da 800. Yarinyar nan shiru ta yi kawai tana kallon kwalin, don wayarta da ke mata komai lafiya ƙalau ita ta bayar aka yi musanyar, kuma lambar mutumin ta daina shiga.

Na memorin shi ne ya fi mugunta a ganina. An saita shi ya dinga nuna 1TB, to kai kana ta zuba hotuna da bidiyo da takardu hankali kwance, idan ainihin 16GB ɗin ya cika wani sai ya fara ƙin karɓa yana kawo kuskure iri-iri, wani kuma sai ya ci gaba da karɓa kamar ba komai, sunan fayil yana nan girmansa yana nan amma in ka buɗe babu komai ko ya lalace, kuma ba za ka gane ba sai ranar da kake neman abin da gaske, lokacin ka riga ka goge na asali daga tsohuwar wayar.

In har abin yana gabanka kafin ka biya, ga abin da za ka yi, kuma kar ka ji kunyar ɓata wa mai sayarwa lokaci. Ka sauke manhajar da ke nuna kayan cikin na'ura, irin su Device Info HW ko AIDA64 ko CPU-Z, da hannunka daga Play Store, kar ka yarda da wanda ka tarar an riga an sa a ciki don shi ma suna gyara shi ya faɗi abin da suke so. Ka duba sunan injin, sannan ka nemi inda aka rubuta API level, wannan lambar ta fi wuyar ɓoyewa saboda manhajoji da ita suke aiki. Android 14 lambarsa 34 ce, Android 13 kuma 33, Android 12 yana 31, in ka ga 27 to Android 8.1 ne na 2017 komai aka rubuta a gaba. Ka shiga Play Store, Settings, About, can ƙasa akwai Play Protect certification, in ya nuna na'urar ba ta da shaidar Google to ka ajiye masa kayansa. Ka sa sim ɗinka ka ga ko 4G ma zai kama, ka yi kira a gabansa. Ka danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar na'urar mai lamba 15, ta fito, ka gwada ta da ta jikin kwali, ka sa ta a shafukan duba IMEI ka ga sunan wace na'ura za ta kawo, sau da yawa sai ka ga ta kawo sunan wata waya daban da ba ta da alaƙa da abin da ke hannunka. Memori kuma ba shi da gwajin da ya wuce ka tura masa manyan bidiyo da suka haura 40GB ka buɗe na farko da na ƙarshe. Mai kayan gaskiya ba zai damu ba, shi kuwa ɗayan tun a gwaji na biyu zai fara cewa yana sauri akwai wani kwastoma da ke jira, ko wai in an buɗe leda ba a mayarwa.

Akwai kuma wata dabara da ba ƙarya ce tsagwaronta ba amma tana ruɗa mutane, inda za a rubuta 16GB da manyan baƙaƙe sannan a ƙasa da ƙanana a sa 4+12. Huɗun nan shi ne RAM, sha biyun aro ne daga memori kuma ba ya kusa da saurin na gaske. Har kamfanonin kirki suna yin wannan, don haka lambar farko ita za ka riƙe.

Yanzu abin da ya sa ma na ce sai na yi rubutun nan. Asarar kuɗi daban, shigar ɓarawo cikin asusunka daban. A 2023 wani kamfanin tsaron intanet mai suna Human Security ya bankaɗo abin da aka sa wa suna BADBOX, na'urorin Android marasa suna, akwatunan talabijin da tab da sauransu, da ake sayar da su da muguwar manhaja a ciki tun kafin a rufe kwali. A Disamban 2024 hukumar tsaron intanet ta Jamus ta datse hanyar sadarwar na'urori kusan 30,000 masu ɗauke da ita a ƙasar, a Yunin 2025 FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan BADBOX 2.0, sannan a Yulin 2025 Google ya kai ƙara kotu yana cewa na'urorin da abin ya shafa sun haura miliyan 10. Irin wannan manhajar tana cin datarka tana latsa talla a ɓoye, tana kuma ba wasu hanya su bi ta intanet ɗinka su yi ta'asarsu ya zama kamar daga wajenka ta fito, kuma da yake a cikin tushen na'urar take, ko ka yi wa na'urar wankin factory reset, wato ka goge komai ta koma kamar sabuwa, manhajar tana nan. Ban ce kowane tab mara suna yana da ita ba, amma wanda ya yi maka ƙarya a RAM da memori da kyamara, a kan me za ka ba shi amanar manhajar bankinka da imel ɗinka da sim ɗin da lambar sirri ke shigowa ta kai?

Ɗaya ɓangaren damfarar kuma da kayan asali ake yinsa, iPad ko Galaxy Tab na hannu, na gaske ne ba jabu ba. Sai a ce maka zai maye maka gurbin waya. Toh a sani, iPad tun fitowarsa a 2010 har yau ba ya kiran layi irin na waya, ko mai cin sim ɗin ma data kawai yake ja da shi, wanda kuma yake Wi-Fi zalla ba shi da gidan sim, ba shi da IMEI, ba shi ma da GPS. Tab ɗin Android wasu suna kira wasu ba sa yi, samfuri ɗaya ma yakan zo kala biyu, mai sim da mara sim, sai a ɗora hoton mai sim a aiko maka da ɗayan. Sannan ga kulle, iPad da mai shi bai cire iCloud ɗinsa ba yana da Activation Lock, ranar da ka goge shi zai tsaya yana neman asusun mutumin da ba ka taɓa gani ba, Android ma yana da irinsa na asusun Google. Don haka a gabanka za a goge shi tas, a kunna, ka sa naka asusun ya shiga, kafin kuɗi ya bar hannunka. In mai sayarwar ya ce ai ɗan'uwansa ne mai asusun zai turo lambar sirri anjima, ko wai akwai mai cirewa da araha, ka tashi kawai, galibi kayan sata ne.

Shi kansa zaɓin tsakanin waya da tab ni dai ban ga abin wahala a ciki ba. Kira, saƙon banki, taswira, hoto, shiga aljihu, duk waya ce, kuma wayoyin yanzu ma yawanci sikirinsu ya haura inci 6. Tab yana da daɗi wajen karatu mai tsawo da zane da kallon darasi da ba yara, amma ƙari ne a kan waya, da wuya ya zama madadinta. In kuɗinka na abu ɗaya ne ka riƙe waya mai kyau, in ya kai na biyu ka sayi tab na kamfanin da aka sani ko da RAM ɗinsa 4GB ne na gaskiya, ka dinga ba shi intanet daga wayar ta hotspot, WhatsApp ma yana barin ka jona har na'urori huɗu a lamba ɗaya, kuma tun Mayun 2025 akwai nasa na iPad. Kaga ba ma sai tab ɗin ya ci sim ba.

Masu tallar nan kuma halinsu kusan ɗaya ne, shafi sabo fil da bai daɗe da buɗewa ba, an rufe wajen sharhi ko kuma duk sharhin yabo ne iri ɗaya kamar mutum ɗaya ya rubuta, kullum saura guda uku kuma rangwamen yau zai ƙare da tsakar dare, gobe ka dawo ka tarar saura guda ukun dai. Za su ja ka daga kasuwar intanet mai kariyar mai saye zuwa hira ta sirri, su ce ka tura rabi ko kuɗin aike zuwa asusun wani mutum da sunansa bai yi kama da na shagon ba. In ma biya-in-an-kawo ne, ɗan aiken zai ce ba a ba shi izinin ka buɗe ba sai ka biya.

Wanda ya riga ya saya, ka cire sim ɗinka da manhajar banki daga ciki yanzu, ka canja lambobin sirrin Google da imel da sauran asusunka daga wata na'urar daban ba daga kansa ba, ka kwashe hotunanka ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya ka tabbatar suna nan. Ka ɗauki hoton tallar da hirarku da shaidar biya da abin da Device Info HW ya nuna tun kafin su goge shafin, in ta kasuwar intanet ka saya ka shigar da ƙorafin cewa kayan ba shi ne aka siffanta ba kafin kwanakin mayarwa su cika, kar ka yarda da zancen "rufe ƙorafin mu turo maka wani", da ka rufe shikenan. In tura kuɗi ka yi kai tsaye ka sanar da bankinka da wuri ka kuma kai rahoton shafin. Wanda kuma ya ba da wayarsa a musanya bai goge ta ba, ya shiga asusunsa na Google ko iCloud ta wata na'urar ya goge ta daga nesa, sannan ya fitar da ita daga jerin na'urorinsa.