Sandunan koyon lissafin kaso: sun biya ni, amma saiti ɗaya ba ya isa

Kayan nan ne na roba masu launi-launi da ake saya wa yara. Akwai doguwar sanda guda mai lamba 1, sai wasu masu tsawonta da aka yayyanka gida biyu, uku, huɗu, biyar, shida, takwas, goma da goma sha biyu. Guntaye 51 ke nan gaba ɗaya, kowanne da lambarsa a jiki. Ɗiyata da ke firamare na saya wa, kuma mun jima muna aiki da su.

A kan kason da bai kai ɗaya ba, wato wanda lambar sama ba ta kai ta ƙasa ba kamar 2/3 ko 5/8, ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Yarinyar nan ta kafe a kan cewa 1/8 ya fi 1/4 girma, hujjarta kuwa ai takwas ta fi huɗu. Na yi bayani har bakina ya gaji. Ranar da ta ɗora guntun 1/8 a kan na 1/4 ta ga rabinsa kawai ya rufe, gardama ta ƙare, ita da kanta ta ce ashe in masu rabo suka yi yawa rabon kowa raguwa yake.

Inda suka fi burge ni shi ne kason da lambobinsu suka bambanta amma girmansu ɗaya. Ka jera 2/3, a ƙasansa ka jera 4/6, a ƙasan wannan kuma 8/12, sai ka ga bakinsu ya zo daidai cif. Daga nan ne tara kason da lambar ƙasansu ba ɗaya ba ya daina zama haddar doka. Da, in aka ba ta 1/3 a tara da 1/4, sai ta haɗa sama da sama, ƙasa da ƙasa, ta rubuta 2/7, alhali 2/7 bai ma kai 1/3 ɗin da aka fara da shi ba. Yanzu takan jera guntayen biyu, ta yi ta gwada waɗanda za su cike tsawon ba ragi ba ƙari, har ta iske 1/12 guda bakwai ne. Ta ga dalilin neman lambar ƙasa ta bai-ɗaya da idonta.

Matsalar tana fitowa ne da zarar an wuce ɗaya. Ɗauki 7/4, kason da lambar samansa ta fi ta ƙasa. Yaro yana buƙatar kwata bakwai a hannunsa, ya ware huɗu ya ga sun zama ɗaya cikakke, uku sun rage, sannan ya yarda cewa 7/4 shi ne 1 da 3/4. To kwata huɗu kacal ke cikin saitin. In ka ɗauko doguwar sandar ka ƙara mata kwata uku, amsar ka miƙa masa, bai ga yadda aka yi aka kai gare ta ba. Sai da na yanka kwali na ciko sauran. Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne, domin juya irin wannan kaso zuwa cikakkiyar lamba da guntu, da mayar da shi, nan ne yara da yawa suke tuntuɓe.

Babu gida bakwai, babu tara, babu goma sha biyar, saboda haka 1/3 da 1/5 ba sa taruwa a kansu. Abin ya tuna mini da Masarawan dā, waɗanda galibi da kaso mai 1 a sama suke aiki, kamar dai guntayen nan. A wata takardar lissafinsu ta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, 2/5 an rubuta shi 1/3 da 1/15. Na so in nuna mata wannan, babu hali.

Launin ma yana da nasa rikicin. Ta fara haddace wane launi ne ke shiga cikin wane, ba ta duban lambar. Tun daga nan duk abin da ta jera sai ta rubuta shi a takarda kafin ta wargaza. Guntayen 1/12 kuma ƙanana ne ƙwarai, ɓacewa ba ta yi musu wuya, kuma in da mai rarrafe a gidan, a yi hattara da bakinsa.

Wanda zai saya, ya sayi saiti biyu na kamfani ɗaya, don tsawon sandar wani ba lallai ya dace da na wani ba. Da biyun za a iya kaiwa har 8/4 ko 6/3.