Asibitin Galmi, ga masu tambayar ko ya cancanci tafiyar

Mutanen Illela da Sakkwato suna yawan tambayata wai ko ya dace mutum ya ɗauki mara lafiya ya tsallaka Ƙonni har Galmi, to ni dai in maganar tiyata ce wallahi ina cewa ku je, gwaiwa ce ko karaya ko haihuwar da ta zo da gardama, nan ne suka yi suna kuma ba yau ba.

Garin fa ƙarami ne, a jihar Tawa yake bakin babbar hanya tsakanin Ƙonni da Madawa, wanda ma bai san asibitin ba ya san albasar Galmi. 'Yan mishan na wata ƙungiyar Kiristoci mai suna SIM suka buɗe shi a 1950, shekara 10 kenan kafin Nijar ta samu 'yancin kai, Faransa na mulki lokacin. Maimakon su zauna Yamai inda ake da komai sai suka zaɓi ƙauye tsakiyar manoma, abin da ya fi burge ni kenan, don har gobe talakan karkara ne ya fi cika wurin, Hausawa da Buzaye da Fulani kowa da tabarmarsa. Yanzu ma har likitocin fiɗa 'yan Afirka suke horarwa, ga kuma sashen yaran da tamowa ta kama, wanda duk ya san yadda bazara take a yankin nan ya san amfaninsa.

Maganar addini kuma tunda ita ce ake raɗa, eh Kiristoci ne, ba sa ɓoyewa, suna addu'arsu suna wa'azinsu, amma galibin majinyata Musulmi ne kuma ana duba kowa. Kai dai ka san abin da ya kai ka.

Kar wani ya ce maka kyauta ne fa, ana biyan kuɗi, kuma sefa ce don haka ka canza nairarka tun a Ƙonni. Ku tafi da mai jinya mai haƙuri wanda zai iya girki da wanki, ku ɗauki takardun gwajin da aka taɓa yi muku, sannan ku yi sammako sosai don jama'a daga ko'ina suke zuwa. In kuma yoyon fitsari ne to asibitin Danja na kusa da Maraɗi za ku nufa, can ma SIM ɗin ne.