Lambun Baba mai dashe na hanyar Kalgo: abin da na saya da abin da ya rayu

Tsakar gidan da muke haya a Badariya, nan Birnin Kebbi, siminti ne tun daga ƙofar zaure har bakin kicin. Babu ko tafin hannu na ƙasa. Ni kuwa a Yauri na tashi, a gidan da in za a ɗora miya sai dai a aiki yaro bayan ɗaki ya tsinko yakuwa. Shekara huɗu ina sayen alayyafon da ya kwana ya yi laushi, abin yana damuna. Da azumin 2025 ya matso, wanda aka ɗauka ranar 1 ga Maris, sai na ƙudura cewa ganyen da za mu yi buɗa-baki da shi daga tsakar gidana zai fito, ko da a cikin bokiti ne.

Wata abokiyar aikina ce ta kwatanta mini wurin. Yana bakin hanya in an fita gari za a nufi Kalgo, ba shi da allo, ba shi da suna, kowa Baba mai dashe yake cewa. Na je wata Asabar da safe a tsakiyar Fabrairu. Hazo ya fara janyewa, da asuba akwai ɗan sanyi, amma da hantsi ya yi sai ka ji rana ta fara cizo. Wurin ba shi da girma. Rumfa ce ta zana a ƙarƙashin itatuwan dogon yaro guda uku, an jera baƙaƙen ledoji a ƙasa layi-layi, an yayyafa musu ruwa har ƙasa tana ƙamshi. Gefe guda mangwaro ne da gwaiba da lemu na masu manyan gidaje, gefe guda furanni, can ciki kuma wasu 'yan fangaloli na irin kayan miya.

Na gaishe shi, ya amsa yana durƙushe yana cusa ƙasa a leda da babban yatsa. Na ce tumatir nake so, gindi goma.

Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ina za ki sa shi?"

Na ce a jarka, a tsakar gida.

Ya ce, "Kin makara. Sanyi ya hita. Wanga tumatur za shi girma, za shi yi hure, amma huren zuba za shi yi. In kina son abin da za ki ci, ɗauki alayyaho da guro da yakuwa. Tumatur ki bari sai an yi kaka."

Wannan maganar ce ta sa nake rubuta wannan bayani. Irin tumatir ɗin yana nan a gabansa, kore shar, ga mai saye ta zo da kuɗi a hannu, amma ya ce kada in saya. Ban taɓa ganin haka a wurin mai sayar da kaya ba. Na dage dai, domin raina ya riga ya kwanta a kan tumatir, sai ya ba ni gindi uku, ya ƙi karɓar kuɗinsu. Ya ce in gwada in gani da idona.

Abin da na taho da shi ran nan: irin alayyafo a ƙullin takarda, ƙwayar guro (kuɓewa ke nan ga mutanen gabas), ƙwayar yakuwa, dashen latas guda shida, attaruhu gindi huɗu, na'ana'a cikin gwangwanin madara, ɗoɗɗoya ɗaya, sai wata ƙaramar ƙariya da zan yi maganarta a gaba. Duka kuɗin bai kai na cefanen kwana biyu ba. Dashen nasa lafiyayyu ne, gajeru masu kauri, ba irin dogayen nan marasa ƙwari da suka tashi a duhu ba. Da na ɗaga ledar attaruhu na duba ƙasanta, saiwoyin farare ne, ba su nannaɗe sun cushe ba. Wanda ya san dashe ya san wannan shi ne abin dubawa kafin ganye.

A kan mazubi ma ya ba ni shawarar da ta yi amfani. Ya ce in nemi jarkar man gyaɗa mai lita 25, in yanka ta, in wanke da kyau, in ɗora ƙusa a wuta in huda gindinta wuri biyar ko shida. In babu huda, ruwa zai kwanta, saiwa ta ruɓe, kai kuma ka ga ganye ya yi yaushi ka ƙara ruwa kana zaton ƙishirwa ce. Alayyafo da latas ba sa buƙatar zurfi sosai, don haka jarkar da aka tsaga a kwance ta ishe su. Guro da attaruhu suna son zurfi, su sai bokitin fenti ko buhun siminti da aka naɗe bakinsa. Ya hana ni barin komai a baƙar leda a kan siminti, ya ce a watan Afrilu ledar kan yi zafin da za ta dafa saiwa. Na'ana'a kuwa ya ce tukunyar ƙasa zan sa mata, saboda dalilin da ya sa ruwan randa yake sanyi shi ne zai sanyaya mata gindi, kuma kada in haɗa ta da kowa domin yaɗuwa take ta cinye wuri.

Inda wurin ya ba ni haushi shi ne ƙasa. Akwai wani saurayi da ke taya Baba aiki, shi ke sayar da haɗaɗɗiyar ƙasa a buhu, wai an riga an cakuɗa ta da taki, zubawa kawai za ka yi. Na sayi buhu biyu, na biya ɗan Keke Napep ya kawo mini. Tun da na kwance bakin buhun na ji wari mai hawa kai, irin na ɗakin kaji, na sa hannu na ji ɗumi a ciki. Ban san ma'anar hakan ba a lokacin. Na dasa latas huɗu da attaruhu biyu a ciki da yamma. Kwana uku gefen ganyensu ya ƙone kamar an kara musu ashana, kwana biyar sun kwanta. Kashin kaji ne ɗanye, bai ruɓe ba, kuma shi ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake. Ban da haka, bayan mako biyu aya-aya ta cika jarkunan, alamar ba a tankaɗe ƙasar ba. Wanda ya san aya-aya ya san in ka cire ta ka bar ɗan ƙwallon nan a ƙasa, jibi za ta dawo.

Na koma na faɗa wa Baba. Bai yi musu ba, bai ce laifina ne ba. Ya kira yaron ya yi masa faɗa a gabana, ya sake ba ni latas da attaruhu a madadin waɗanda suka mutu. Amma kuɗin ƙasa da na mota ba su dawo ba, kuma mako guda ya tafi a banza a lokacin da kowace rana take da daraja, domin tsakanin fitar hunturu da tsananin bazara kwanaki ne ƙidayayyu. Har yau ina ganin bai kamata a sayar da buhun nan a wurin mutumin da ya san aikinsa haka ba. Duk wanda zai saya ya kwance buhu tun a can, ya shinshina, ya tura hannu. Takin da ya nuna ba ya wari, ba ya ɗumi, baƙi ne yana marmashewa.

Daga nan na haɗa tawa da kaina, yadda Baba ya kwatanta. Kashi biyu na ƙasar fadama, kashi ɗaya na tsohon kashin awaki da ya shekara, wanda maƙwabciyata ta ba ni daga turkenta, kashi ɗaya na ɓuntun shinkafa. Ɓuntu dai a Kebbi ba abin nema ba ne. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a nan Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, noman ya ƙara bunƙasa, injinan casa suka yawaita, ɓuntu ya zama tsibi-tsibi a bayansu. Amfaninsa shi ne ƙasar fadama tana da yumɓu, in ta bushe a cikin jarka sai ta ƙame kamar tubali, ruwa ya bi gefe ya wuce. Ɓuntun ne ke sassauta ta iska ta shiga. Wanda ya kwana biyu ya yi duhu ya fi sabo. Na kuma barbaɗa shi a saman kowane mazubi kamar kaurin yatsa biyu don kada rana ta tsotse laima.

Alayyafo shi ya fara fitar da ni kunya. Ƙwayarsa ƙanana ce ƙwarai, sai da na cakuɗa ta da yashi kafin in watsa don kada ta taru wuri guda. Kwana huɗu ya tsiro, jajaye-jajaye kamar zare. Kafin a sha ruwa ashirin na yanki na farko, kuma ban tumɓuke ba, yanka na yi na bar tsawon yatsa, ya sake tofowa har sau uku. Ranar da na fara yin miyarsa, maigidan ya tambayi inda na samo ganye mai daɗi haka, na kama hannunsa na kai shi bayan tankin ruwa. Latas mun ci shi cikin azumi da ƙuli-ƙuli da albasar Aliero, amma ana idar da sallah ya miƙe tsaye ya fitar da kara, ganyen ya yi ɗaci, wanda haka latas ke yi in zafi ya kama. Guro ya fara fure wajen mako na bakwai, shi kam kamar zafin ma daɗi yake masa. Sai dai yana son a riƙa tsinka duk bayan kwana biyu, in ka bar shi ya yi ƙarfi ya rage haihuwa.

Tumatir kuwa, yadda Baba ya faɗa haka ya kasance. Ya yi tsawo har na kafa masa kara na ɗaure. Ƙarshen Maris ya fitar da furanni rawaya gungu-gungu, kullum da asuba bayan na yi salla sai na je na duba da fitilar waya. Wata safiya na taɓa guda ɗaya da ɗan yatsa, sai ya faɗo a tafina. Na duba wurin da ya fita, akwai wata 'yar gaɓa a wuyan furen da ta yi rawaya ta tsinke da kanta. Ƙasan bokitin duk furanni ne a zube. In zafin rana ya haura digiri 35 kuma dare bai yi sanyi ba, garin furen tumatir ba ya kamawa, mu kuwa a Afrilu sai mu wuce 40, siminti kuma yana riƙe zafi har tsakar dare. Gindi uku, 'ya'ya biyar na samu, ƙanana. Raina ya sosu, amma na ga abin da idona kamar yadda ya ce.

Ruwa shi ne babban kuɗin wannan aiki, kuma Baba bai ja mini kunne a kansa sosai ba, wataƙila don shi yana da rijiya a lambunsa. A Afrilu mazubai goma sha huɗu suna shan jarka guda da rabi a rana, safe da yamma, mu kuma a wurin 'yan garuwa muke saye in famfo ya ɗauke. Dabarar da ta cece ni ita ce ajiye baho a inda muke alwala, da tara ruwan wankin shinkafa da na kayan miya. Ruwan omo ban taɓa zubawa ba. Na kuma janye komai zuwa gindin katangar yamma, inda rana ke samunsu daga safe zuwa azahar sannan inuwa ta rufe su, na sa bulo a ƙarƙashi don kada gindin mazubi ya zauna a kan siminti.

Ƙwari ba su yi yawa ba. Na ji tsoron tsutsar nan ta tumatir da manoma ke kira sharon, wadda ta yi ɓarna a 2016 har tumatir ya gagari talaka, amma ba ta zo ba. Wasu ƙananan fararen ƙudaje ne suka maƙale a bayan ganyen attaruhu, ganyen ya fara nannaɗewa. Baba ya ce in daka 'ya'yan dogon yaro, in jiƙa su kwana, in tace, in fesa da yamma a bayan ganyen, ba a samansa ba. Sau uku na yi, tsakaninsu kwana biyar-biyar, suka ragu sosai. Bai yi ƙoƙarin sayar mini da maganin kwalba ba, ya ce abin da yara za su ci ba ya son a fesa masa abin da ba a san awonsa ba.

Furanninsa na waje, masu manyan launuka da ake jerawa a gaban ofisoshi, ban saya ba, sun fi tsada kuma da gani ruwa suke so. Ƙariyar nan ce kawai, wadda na sani tun ina yarinya a bakin gonaki, mai kumburarren gindi kamar tulu da rassa gajeru. Sau ɗaya a mako nake ba ta ruwa, wani lokacin ma ya wuce. A tsakiyar bazara, lokacin da komai ya yi laushi da rana, ita ko ganyen kirki babu a jikinta, sai ga furanni ruwan hoda masu farin ciki sun fito a kan kowane reshe. Na ɗora ta a kan katanga inda hannun yara ba ya kaiwa, domin farin ruwan jikinta guba ne, kuma Baba ya faɗa mini haka tun kafin ya miƙo ta. Mai ƙananan yara ko awaki a gida ya kula da wannan.

Wanda zai je ya je da sassafe, kafin ƙarfe tara, lokacin Baban yana nan da kansa. Da rana yaron kawai za ka tarar, shi kuma duk abin da ka nuna zai sayar maka ba tare da tambaya ba. A tafi da kwali ko baho na ɗauko dashe, ba su da abin zubawa, kuma iskar mashin tana karya su. Kuɗi a hannu yake karɓa. Dashe da iri da shawara, ban ga na biyunsa ba a inda na zagaya. Ƙasar buhu kuwa, ni dai ba zan sake saye ba.

Na koma a watan Oktoba, ruwa ya ɗauke, da jarkuna shida da na riga na cika da haɗina. Yana hango ni ya miƙe ya nufi fangalin tumatir, ya zaɓo mini gindi goma da hannunsa, ya ce, "To ɗiyata, yanzu na lokacinsa." Wannan karon ya karɓi kuɗi.