4-3 ko 3-4 ga yara 'yan shekara 12: tsaya a kan mutum huɗu a gaba

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya taya ka riƙo, ya sa ka gama kakar nan ba tare da yaro ko ɗaya ya ji ciwo ba. Ka tambaye ni wane tsarin tsaro ya fi dacewa da yaran ƙwallon Amurka da aka damƙa maka tsaronsu, 'yan shekara 12 zuwa 13: 4-3 (huɗu a layin gaba, uku a bayansu) ko 3-4 (uku a gaba, huɗu a bayansu). Ɗauki 4-3. Kwas ɗin 3-4 da ka ce ana ta tallarsa a intanet kuwa, bar kuɗinka a aljihu. Na taɓa sayen irinsa, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Shekarata bakwai ke nan ina koyar da tsaro a wata ƙungiyar yara ta ƙwallon Amurka a nan jihar Ohayo, aikin sa kai, yamma uku a mako. Abin da na fahimta a wannan tsakanin shi ne, bambancin tsarin biyu ba a lambobin yake ba, a ƙofofi yake. Masu kai hari suna jera ƙarti biyar a gaba: santa a tsakiya, gad biyu a gefensa, takal biyu a waje. Ratar da ke tsakanin kowane biyu ƙofa ce da mai gudu da ƙwallo zai iya bi. Ta gefen santa ita ce A, ta tsakanin gad da takal B, ta wajen takal C, kowace akwai ta a dama da hagu, shida ke nan. In suka ƙara mutum na shida a ƙarshen layi, sai a sami D, ƙofofi su zama bakwai. A 4-3 kana da huɗu a layin gaba da lainbaka uku, wato masu tsaron layi na biyu, a bayansu. Mutum bakwai, ƙofa bakwai. Kowane yaro da tasa, kuma ya san ta tun kafin a ɗaga ƙwallo.

A 3-4 na asali, mutum uku ne kawai a gaba, kuma kowannensu ƙofa biyu yake tsaro. Sai ya daki wanda ke gabansa ƙirji da ƙirji, ya miƙe hannuwa ya riƙe shi a wurin, ya leƙa ya ga ta inda ƙwallo ta nufa, sannan ya yar da shi ya faɗa ƙofar. Duk wannan cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Na tsakiyarsu, wanda ke tsayawa daidai hancin santa, shi ne ginshiƙin gidan: dole sai mutum biyu sun taru a kansa kuma su kasa ture shi. Vince Wilfork da ya yi wa New England Patriots wannan aiki, nauyinsa a rubuce fam 325 ne, wajen kilo 147. Ka dubi yaranka da kyau ka gaya mini ko akwai wanda yara biyu ba za su iya turawa ba.

Ni ban dubi nawa ba. A shekarata ta biyu na biya kusan dala 200 na sayi wani kundi mai shafi fiye da ɗari da bidiyoyinsa, cike da zane-zanen bilits, wato aika ƙarin mutane su farma kwatabak, mai jifan ƙwallo na masu kai hari, ta inda bai zata ba. Na ɗauki yaron da ya fi kowa jiki na sa shi a hancin santa, yaro mai sanyin hali da ladabi. A wasanmu na uku, santa da gad suka riƙa haɗuwa a kansa suna tura shi baya har ya faɗa kan lainbakan da ke bayansa, ɗayan gad ɗin kuma ya wuce salin-alin ya tare na biyu. Yadi shida, yadi takwas, ta tsakiya kawai, ba su ma damu da jifa ba. Da aka tafi hutun rabin lokaci ya zo ya tsaya a gabana, bai cire hular kwano ba, amma ina ganin hawaye ta tsakanin ƙarafunan. Ya ce, “Koci, wai wace ƙofa ce tawa?” Amsar gaskiya ita ce duka biyun, kuma na kasa faɗa masa. Laifin ba nasa ba ne. Ni na ɗora masa kayan da manya ma sai an zaɓa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Wanda ya fitar da ni wani dattijo ne, kakan ɗaya daga cikin yaran, wanda ya yi shekaru yana koyar da ƙwallo a makarantar sakandare kafin ya yi ritaya. Kullum yana zaune a kujerarsa ta naɗewa a bakin fili, bai taɓa sa mini baki ba. Ranar Talatar da ta biyo bayan wannan wasa sai ga shi da manyan bokitan shara guda biyar a bayan motarsa. Ya kife su a jere, taku ɗaya tsakanin kowane biyu, ya ce waɗannan su ne masu kai hari. Ya ƙara mazugi ɗaya a gefe a matsayin na shida. Ya kira yara bakwai, ya sa kowa ya je ya taka ƙofarsa da ƙafa ya faɗi sunanta da ƙarfi. Suka yi ta maimaitawa har duhu ya fara, na koma gefe na yi magariba na dawo na tarar ba su daina ba. Yaron nan nawa ya ba shi ƙofar A ta gefe ɗaya tak, ya ce masa: kada ka tsaya kallon kowa, ana motsa ƙwallo ka shiga nan ƙasa-ƙasa. Da za mu tashi ya miƙo mini kati ɗaya da ya rubuta da hannunsa. Inda kowa zai tsaya, ƙofar kowa, da abin da na ƙarshen layi zai yi in aka yi gudun gefe. Shi ke nan. Na kai an rufe mini shi da roba, kuma yana aljihun rigata a kowane wasa har yau, gefensa duk ya lanƙwashe.

Ba mu zama zakaru a shekarar ba. Amma mako biyu bayan nan na ga abin da ban taɓa gani a yarana ba: suna gudu ba tare da waiwaye ba. Akwai wani ɗan siriri da muka sa a ƙarshen layi, wanda dokarsa ɗaya ce, kada kowa ya wuce ta wajenka. A yunƙuri na huɗu, wato damar ƙarshe ta masu kai hari, saura yadi biyu, suka yi gudun gefe da mutum biyu a gaban mai ƙwallo. Yaron bai kayar da kowa ba. Ya dai ƙi barin kafaɗarsa ta waje a hannunsu, har mai gudun ya rasa hanya ya karyo ciki, inda lainbaka biyu ke jiransa. Dattijon ya miƙe daga kujerarsa, karo na farko da na ga ya yi haka.

Kada ka ɗauka 4-3 tsarin yara ne don yana da sauƙin koyarwa. Tom Landry ne ya gina shi a New York Giants a shekarun 1950, da lainbaka Sam Huff a tsakiya, suka ci kofin 1956 na NFL, gasar ƙwararrun Amurka. Pittsburgh Steelers da suka ci Super Bowl, wasan ƙarshe na ɗaukar kofi, sau huɗu a kakannin shekarun 1970, mutum huɗu suke sawa a gaba, sai a 1982 suka koma 3-4. Misalin da na fi so in nuna wa sababbin kociyoyi kuwa shi ne Seattle Seahawks na kakar 2013. Ba su ɓoye abin da za su yi. Suna raba bayan fili gida uku, kona biyu, masu tsaron masu kama jifa, a gefe, da Earl Thomas, sefti, wato mai tsaron can baya, a tsakiya, abin da ake kira Koba 3, sai ɗayan seftin, Kam Chancellor, ya matso kusa da bakwai ɗin gaba ya zama na takwas. Denver Broncos sun zo musu a Super Bowl da maki 606 da suka ci a kakar, wanda ba a taɓa cin irinsa ba, da kwatabak ɗinsu Peyton Manning da ya jefa tacdawun 55, wato jifan da aka ci maki da shi. Seattle ta ci 43 da 8. Manning ya san inda kowa zai tsaya, bai hana komai ba.

Wannan na takwas ɗin shi ne abin da za ka fi buƙata. Yara a wannan shekarun gudu da ƙwallo suka fi yi, jifa kaɗan ne kuma ba ya nisa. Sefti biyu a can baya asarar mutum ɗaya ce. Ka bar ɗaya a tsakiya, ka sauko da ɗayan kusa da lainbakoki ta gefen da suka fi yawa, sai 4-3 ɗinka ya zama 4-4 ba tare da ka canja wa kowa ƙofa ba. Abin da zai fi cin ka shi ne gudun gefe, musamman in suna da yaro ɗaya da ya fi kowa sauri, kuma kusan kowace ƙungiya tana da shi. Don haka na ƙarshen layinka biyu ba sai manya ba, masu jin magana za ka nema.

3-4 yana da ranarsa, ban hana ba. Kocin tsaro Wade Phillips ya ci Super Bowl 50 da shi a Denver, amma nasa ma ƙofa ɗaya-ɗaya yake rabawa, kuma yana da gwarzon lainbaka Von Miller.

Yanzu maganar masu sayarwa, ko da ba ka tambaya ba. Akwai kociyoyi na gaskiya da yawa a intanet, malaman sakandare da ke saka darussansu kyauta a YouTube, kuma in ka tura musu tambaya za su amsa maka kamar sun san ka. Amma a cikinsu akwai 'yan damfara, kuma sabon koci mai tsoron jin kunya a gaban iyayen yara shi ne abincinsu. Wanda ya sayar mini, daga baya na gano rabin kundinsa tsofaffin shafukan ƙungiyoyin NFL ne da suka daɗe suna yawo kyauta, ya goge sunan da ke sama ya sa nasa. Kuma bai tsaya nan ba, ashe na shiga biyan wata-wata ban sani ba, sai da na kira banki suka toshe. Ka kula da mai sa agogo a shafinsa wai saura awa kaza farashi ya tashi. Ka kula da mai cewa ya yi aiki a jami'a ko a NFL amma ba ya faɗin wace ƙungiya ko wace shekara. In mutum ya nuna maka guntayen bidiyo inda ake ta kayar da kwatabak, ka ce ya ba ka wasa guda cikakke, na yara sa'annin naka, har da wuraren da aka ci su. Mai gaskiya zai ba ka.

Suna son jingina kayansu da manyan sunaye. Za ka ji ana cewa wannan bilits ɗin koci Dick LeBeau ne, wanda ya fara ƙirƙira a Cincinnati Bengals ya kai Pittsburgh, ko kuma tsaron 46 na Buddy Ryan da Chicago Bears suka yi amfani da shi a 1985. Gaskiya ne Bears sun ci wasa 15 cikin 16 a kakar, suka lallasa Patriots 46 da 10 a Super Bowl. Abin da mai talla ba zai gaya maka ba shi ne suna da Mike Singletary da Richard Dent da Dan Hampton, waɗanda duk sunayensu na zauren gwarzaye da ke Kanton a nan Ohayo. Kuma wasa ɗayan da suka faɗi, Dan Marino, kwatabak ɗin Miami, ne ya riƙa sakin ƙwallo da wuri kafin su iso gare shi, Miami ta ci 38 da 24. Waɗannan mutane aikinsu ke nan safe da yamma. Kai awa shida kake da su a mako, in ba a yi ruwa ba, kuma in iyaye sun kawo yaran a kan lokaci.

Haka ma hular kwano ta hannu da ake sayarwa da araha a Facebook. Ka duba tambarin NOCSAE, masu sa ƙa'idar ingancin kayan wasa, da ranar da aka ƙera ta da ranar da aka sake duba ta. Wadda ta kai shekara 10 masu gyara ba sa sake ba ta shaida. Kan ɗan mutane ne a ciki.

Awannin nan shida, rabinsu ka ba koyon kayarwa. Tsari komai kyansa, in yaro ya isa wurin ya kasa kayar da mai ƙwallo, aikin banza ne, in kuma ya sa kai a gaba, abin ya wuce maganar wasa. A 2014 koci Pete Carroll da mataimakansa a Seahawks sun fitar da bidiyo kyauta a kan kayarwa da kafaɗa irin ta 'yan rugbi: kai a gefe, ido a cinya, a rungume ƙafafu a mirgina. Ka neme shi ka kalla sau biyu kafin atisayenka na farko. In ƙungiyarku tana neman shaidar koyarwa ta USA Football, hukumar wasan ta ƙasa, ka yi kwas ɗinsu da gaske, kada ka danna ka wuce, musamman sashen bugun kai da na zafin rana, don atisayen watan Agusta ba wasa ba ne.

Kafin ka zana komai, ka karɓi dokokin gasarku a rubuce, domin wasu gasannin yara suna taƙaita bilits ko su hana tsayawa daidai kan santa, wanda shi kaɗai ya isa ya rushe 3-4. Sannan ka je makarantar sakandaren unguwarku ka gaida kocinsu, ka tambaye shi sunayen da yake kiran ƙofofi da matsayai, ka yi amfani da irinsu, tunda yaranka wurinsa za su nan da shekara biyu. Ka nemi bokitai biyar. Katin dattijon nan kuma zan ɗauki hotonsa gaba da baya in turo maka yau da dare in sha Allah, rubutun ya ɗan dushe a layin ƙarshe amma yana karantuwa.