Butler ko Jemisin: da wanne za a fara?

Wata 'yar'uwa ta yi tambaya: tana neman littafin ƙagaggen kimiyya ko na almara wanda mace ce ke jan ragamarsa, an ambata mata Parable of the Sower na Octavia Butler da The Fifth Season na N. K. Jemisin, to wanne za ta fara ɗauka?

Malama, ki fara da na Butler.

Ya fito a 1993, kuma an tsara shi ne a matsayin kundin da Lauren Olamina ke rubuta abin da ya faru da ita. Shekararta 15 a farkon labarin, a 2024, cikin wata unguwa mai katanga a Kalifoniya. Murya ɗaya ce, kwanan wata na bin kwanan wata, babu inda za ki ɓace. Lauren ba ta da sihiri. Abin da take da shi ma lalura ce: idan ta ga wani yana jin ciwo sai ta ji a jikinta, in ta bugi mutum ita ma sai ta ji bugun. Ƙarfinta hangen nesa ne. Manya sun saki baki sun dogara da katanga, ita kuwa tana haɗa jakar ko-ta-kwana, da kuɗi da taswira da irin shuka a ciki, tana karanta littattafai kan tsirran da ake iya ci. Da unguwar ta ƙone a 2027, sai ta yi shigar maza ta kama hanyar arewa a ƙafa, tana tattara mutane ɗaya bayan ɗaya.

Na Jemisin, wanda ya fito a 2015, almara ce ta wata duniya da girgizar ƙasa ke rusawa lokaci zuwa lokaci. Essun uwa ce mai shekara 42. Ta dawo gida ta tarar mijinta ya kashe ƙaramin ɗansu ya tafi da 'yarsu, domin yaron ya gaji baiwarta ta sarrafa motsin ƙasa, baiwar da ake kashe mutum ko a bautar da shi saboda ita. Lauren gini take yi; Essun fushi da baƙin ciki ne ke tafiyar da ita, kuma tana tafka kurakuran da ke cin rayuka. A ganina ta fi Lauren zurfi.

Wahalar littafin Jemisin tana farko. Labari uku ne ke tafiya tare, na Essun da Damaya da Syenite, kuma babin Essun da "ke" aka rubuta shi, kamar da mai karatu ake magana. Ga sababbin kalmomi da ba a tsayawa yi musu bayani. A nan ake ajiye shi. Maganin abin: ki fara duba jerin ma'anar kalmomin da ke ƙarshen littafin, ki daure har kowace ta samu babi biyu ko uku. Kada ki bincika sunayen nan uku a intanet, za a ɓata miki babban sirrin labarin.

Ki sani kuma na Butler yana iya tsayuwa shi kaɗai, duk da yana da ci-gaba na 1998. Na Jemisin kashi na ɗaya ne cikin uku, bai rufe labarin ba, sai kin haɗa da sauran biyun. Kowanne cikin ukun nan na Jemisin ya ci lambar yabo ta Hugo, wadda ake ba littattafan ƙagaggen kimiyya da almara, a 2016 da 2017 da 2018.

Na Butler da na Jemisin dukansu akwai kisa da cin zarafin mata da yara, na Jemisin har da wuraren saduwa a fili, don haka kada a miƙa wa ƙananan yara.