Deep Space Nine ko Discovery? Amsa ga ƙanenmu na Agege

Ƙanena, Deep Space Nine za ka ɗauka. Na faɗa tun da fari don kada ka sha karatu har ƙasa kana neman inda na dosa. Ka ce kuɗinka na sayen faifan guda ɗaya ne tsakaninsa da Discovery (duka biyun shirye-shiryen talabijin ne na Star Trek, labarin tafiye-tafiye a sararin samaniya), kuma cacar bakin da aka kwana uku ana yi a zauren nan kan wanda ya fi riƙe tarihin Star Trek ta ƙara ruɗa ka. Ni duka biyun na saya da kuɗina. Ɗaya yana cikin akwati, na adana shi kamar takardar fili. Ɗayan wani ya ara bai dawo da shi ba, ni kuma ban bi sawu ba.

Lokacin da na zo Legas, a Mile 12 na sauka wajen maigidana, aikina rubuta kwandunan tumatir da buhunan albasa da ake saukewa. Motocin Arewa kuwa ba su da lokaci, sai ka raba dare kana jira. Da wata 'yar na'urar DVD mai allo a jikinta na cinye waɗannan dararen, har wani ɗan dako da ba ya jin Turanci ya saba zama gefena, kullum tambayarsa ɗaya: “Yau me mai manyan kunnuwan nan ya sata?” Quark yake nufi, ɗan jinsin Ferengi mai mashaya a cikin shirin Deep Space Nine. Wannan ɗan dakon shi ya fara gane abin da ni ban gane ba. Ya ce da ni, “Ai wannan zango ne.” Gaskiyarsa. (Dole in yi hattara da kalmar, tunda shirin ma zango-zango ake ƙirga shi: bakwai ne, daga 1993 zuwa 1999.)

A sauran Star Trek kyaftin yakan iso wata duniya da jirginsa, ya kashe wutar rigima cikin minti arba'in da ɗoriya, ya ƙara gaba, wanda aka bari a baya kuwa ko oho. Nan tasha ce a kafe kusa da duniyar Bajor, a bakin wata kafa da ke ɓullar da jirage can wani sashe mai nisa na sararin samaniya. Mutanen Cardassia sun yi wa Bajor mulkin mallaka na kusan shekara 50, da za su tafi suka ragargaza tashar suka bar ta kango. Aka kawo Benjamin Sisko, wanda Avery Brooks ya fito a matsayinsa, ya zama kamar sarkin zango: baƙo ne a ƙasar wasu, masu ƙasa suna masa kallon sabon ɗan mulkin mallaka, fatake na shigowa ta kowace kusurwa, kowa da ƙararsa. Ga Kira, 'yar Bajor, wadda ta yi yaƙin sari-ka-noƙe tun tana yarinya, yanzu an ce ta zauna a ofis. Ga Garak, tela, ɗan Cardassia ɗaya tilo da ya rage a tashar, wanda kowa ya san ba allura kaɗai ya iya riƙewa ba. Duk wanda ya taɓa zama baƙo a Agege ko Idi-Araba, ya ga yadda ake lallaɓa masu gari ana kuma lallaɓa 'yan'uwa, ba sai an fassara masa halin da Sisko yake ciki ba.

To a wuri irin wannan, wanda ka cuta jiya shi za ka tarar a bakin rumfarka gobe. Abin da nake kira riƙe tarihi ke nan, kuma a nan nake rabuwa da masu ƙirga ƙullutun goshin jinsin Klingon (zan zo kansu a gaba). Matar Sisko ta mutu a yaƙin Wolf 359, wanda aka nuna sakamakonsa a shirin The Next Generation a 1990, lokacin da Borg, wasu maƙiya rabi halitta rabi inji, suka kama Kyaftin Picard, jagoran wancan shirin, suka yi amfani da shi a kan mutanensa. Can an ceto Picard, rayuwa ta ci gaba. Sai ga kashin farko na Deep Space Nine ya zaunar da Sisko gaban Picard, mutumin da fuskarsa ce ta jagoranci kisan matarsa, da ƙyar yake iya masa magana. Wani shiri ya ci bashi, wannan ya zo ya biya. Haka Nog, ɗan ɗan'uwan Quark: a kashin farko da sata aka kama shi, kafin a gama ya zama ɗan Ferengi na farko a rundunar Starfleet. Ka yi haƙuri zan ɓata maka kaɗan, ya rasa ƙafa a yaƙi a zango na bakwai, kuma ba a wayi gari an manta ba, kashi guda sukutum aka ware kan yadda tsoro ya hana shi komawa cikin mutane.

Har maganar kuɗi, wadda ta daɗe tana ba ni dariya. A fim ɗin 1986 Kirk, kyaftin shirin Star Trek na farko, ya nuna cewa a zamaninsu ba a amfani da kuɗi. Ni da nake wuni cikin la'ada da ciniki na ce to da me ake sayen albasa? Deep Space Nine bai kauce wa tambayar ba. Akwai kashin da Jake, ɗan Sisko, yake son saya wa babansa wani tsohon kati a wajen gwanjo, aljihunsa wayam saboda shi ɗan Adam ne, sai da ya koma yana lallashin Nog ya fito da ajiyarsa, Nog na masa gori.

Yanzu goshin Klingon, wani jinsin mayaƙa, tunda a kansa aka fi zubar da yawu. A shirin farko na 1966 zuwa 1969 goshinsu sumul yake kamar nawa da naka. A fim ɗin 1979 suka fito da ƙullutai, ba wanda ya ce uffan. A 1996, shekarar cikar Star Trek 30, Deep Space Nine ya mayar da mutanensa baya zamanin Kirk, suka ga Klingon masu sumul ɗin goshi, suka juya suna kallon Worf, ɗan Klingon da ke cikinsu. Ya ɗaure fuska ya nuna musu magana ce ta cikin gida, ba a yin ta da bare. Shi ke nan. Sai a 2005 shirin Enterprise ya kawo dogon bayani, wai wata cuta ce da ta samo asali daga gwajin sauya ƙwayoyin halitta. Ni amsar Worf ta fi gamsar da ni, ta san da matsalar, ta kuma san masu kallo ba yara ba ne.

Discovery kuma, to. Hoto garau, an kashe kuɗi, Saru da Kyaftin Pike sun burge ni. Iyakar abin da zan iya ba shi ke nan. An fara shi a 2017, aka ajiye labarin a shekarar 2256, wajen shekara goma kafin Kirk, sai ga Klingon ƙwal-kwabo da wani irin kai da ba a taɓa gani ba. Da surutu ya yi yawa aka mayar musu da gashi a zango na biyu, aka ce ai aski suke yi lokacin yaƙi. Zan yi adalci kan Michael Burnham, jarumar shirin, 'yar riƙon gidan su Spock da ba a taɓa ambata ba: wanda ya ce Spock, mataimakin Kirk, ya saba ɓoye danginsa bai yi ƙarya ba, a fim ɗin 1989 ma haka wani ɗan ubansa, Sybok, ya faɗo daga sama. Wannan na yafe. Abin da ban yafe ba shi ne injin nan da ke cilla jirgi ko'ina cikin ƙiftawar ido. Sama da shekara ɗari bayan haka jirgin Voyager, na wani shirin Star Trek ɗin, ya maƙale a nisan da aka ce sai ya yi shekara 75 kafin ya iso gida, kuma babu wanda ya tuna da shi? Da lissafi ya ƙi fita, a ƙarshen zango na biyu sai aka wurga jirgin shekara 930 gaba, aka ce daga yau haramun ne a ambaci sunansa. Mu a kasuwa mun san irin wannan: mutum ya kwashi kaya bashi, ya tattara cikin dare, ya canza layin waya.

Na san mutumin Obalende da ke zauren nan zai taso min, don haka bari in riga shi. E, Deep Space Nine ma ya taɓa abin da ya tarar. 'Yan Trill, wani jinsi, a The Next Generation tudu gare su a goshi, nan aka mayar da su masu ɗigo-ɗigo a gefen fuska. Ferengi ma da farko kamar mahaukata aka nuna su. Amma da ya canza sai ya tsaya a kan abin da ya canza shekara bakwai. Kuma zango biyun farko suna da jan ƙafa kamar cunkoson Ikorodu Road da yamma, akwai kashin da za ka yi hamma. Ka daure har ka kai kashin “Duet” kusa da ƙarshen zango na farko. Worf yana shigowa a na huɗu, daga nan kuma barci sai dai ka yi haƙuri da shi.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da masu sayarwa. Kwalin farko da na saya a hannun wani mai talla ne cikin cunkoso a Oshodi, an rubuta cikakke a jiki. Na isa gida na tarar faifan zango na shida Voyager ne a ciki, na bakwai kuma ya tsaya ana saura kashi uku, alhali ƙarshen shirin labari ɗaya ne a jere. Mako biyu ina leƙa wurin, ko mai kama da shi ban gani ba. Saboda haka ka ƙirga a gaban mutum: zango na farko kashi 20, sauran shida 26 kowanne, jimilla 176. Idan ka ga 173 kada ka tayar da hankali, akwai dogaye guda uku da wasu ke haɗewa, na farkon shirin, da mabuɗin zango na huɗu, da na ƙarshe. Ƙasa da haka an yanke ka. Wanda kuma ya ce maka yana da shi a Blu-ray, ko ya ƙara kuɗi wai nasa mai hoto garau ne, maƙaryaci ne. The Next Generation aka sabunta wa hoto, wannan har yau a ingancin DVD kamfanin ya fitar da shi. In a filas za a tura maka, ka je da naka, ka buɗe kashin ƙarshe na kowane zango ka ja shi zuwa tsakiya kafin ka miƙa ko sisi. Ka duba rubutun ƙasa ma ya dace da baki, don Garak ba ya magana a miƙe.

In kana bi ta Mile 12 ranar Lahadi bayan la'asar, ka yi min magana ta gefe in fito maka da zango na farko ka gwada kafin ka saya. Aro ne fa, faifan nan ba Discovery ba ne.