Kafin Ka Sayi Fitilar Dogon Ƙwai: Cok, Sitata da Ƙarfin Wutar Gidanka

Mafi yawan masu zuwa kasuwa sayen fitilar dogon ƙwai, wadda ake kira fulorasan, tsawon ƙwan da farin haskensa kawai suke dubawa, alhali abin da ke sa fitilar ta daɗe ko ta ƙone yana ɓoye ne a cikin gidan ƙarfen da ake maƙala ƙwan. Ƙwai mai tsawon ƙafa huɗu na wat 36, da zarar ya kama, abin da yake buƙata tsakanin bakunansa biyu bai wuce bolt 103 ba, a kowace ƙasa aka kunna shi. Sai dai tururin zaibar da ke cikinsa yana da wani hali: idan wuta ta fara ratsa shi, ƙara buɗe mata hanya yake yi, har ta fi ƙarfin ƙwan. Saboda haka ake haɗa shi da cok, wanda shi ne linzamin fitilar, kuma shi ne ake ƙerawa daidai da wutar wata ƙasa. A jikin cok ɗin ne ya kamata mai saye ya fara karanta rubutu.

Tsohon cok, mai nauyi, waya ce ta tagulla da aka naɗe a jikin ƙarfe, kuma da wata ƙaramar na'urar tayar da fitila mai suna sitata yake aiki. Idan aka kunna makunni, sitata takan haɗe na ɗan lokaci domin zaren da ke bakunan ƙwan ya yi zafi, sannan ta saki, cok ya harbo wuta mai ƙarfi wadda za ta tayar da hasken. Wannan tsari yana da arha da juriya, kuma kowane mai gyaran wuta ya san kansa. Aibinsa shi ne cok ɗin kansa yana cin kusan wat 8 zuwa 10 a matsayin zafi, yana kuma jan amfiya 0.43 ga ƙwai ɗaya, wato nauyinsa a kan janareta ya kusa ninka abin da aka rubuta a jikin ƙwan sau uku idan ba a sa masa kafasita ba, wato na'urar da ke rage wannan nauyin. Mai shago da ya jera irin waɗannan fitilu goma a kan ƙaramin janareta, ya ga injin yana nishi, daga nan matsalarsa take.

Wutar Najeriya bolt 230 ce mai bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta Nijar ma tana cikin wannan rukuni, haka ta China da Dubai da Turai. Ta Amurka kuwa bolt 120 ce mai bugawa sau 60, ta Japan bolt 100. Wannan ne ya sa nake jan hankalin duk mai sha'awar kayan gwanjo da suka fito daga Amurka, domin gidajen fitilunsu suna da kaurin ƙarfe da kyawun fenti, suna ɗaukar ido, amma idan an rubuta 120V kaɗai a jikin cok ɗin, bai dace da wutarmu ba ko kaɗan. Idan aka jona shi, ƙarfen cikinsa yakan cika da maganaɗisu ya daina riƙe wutar, ƙwan ya yi wani haske mai tsanani na ɗan lokaci, cok ya fara kuka da zafi, warin ƙonannen fenti ya tashi, sannan komai ya mutu. Cok ɗin da ke ƙonewa a jikin silin na katako abu ne da zai iya tayar da gobara, shi ya sa ban ɗauki wannan a matsayin ƙaramar asarar kuɗi ba. Ana iya sa tiransifoma mai rage wuta zuwa 110, amma ita ba ta canza yawan bugawar wutar, kuma kuɗinta ya fi na sabon cok. Abin da ya fi shi ne a cire cok ɗin Amurkan a sa namu, a ci moriyar gidan ƙarfen.

Maganar bugawar nan ita ce wadda aka fi mantawa da ita. Ƙarfin da cok mai waya yake da shi na riƙe wuta ya dogara ne da yawan bugawarta, don haka wanda aka ƙera wa 60, idan aka sa shi a kan 50, kashi ɗaya cikin shida na ƙarfinsa ya tafi. Wutar Saudiyya mai bugawa 60 ce, saboda haka ɗan kasuwar da ya sayo kaya a Jidda ya ga an rubuta 220V, kada hankalinsa ya kwanta sai ya ga 50Hz, wato bugawa 50, a kusa da ita. Irin wannan cok zai kunna fitila, amma zai riƙa zafi fiye da kima, ya gajarta kwanan kansa da na ƙwan.

A unguwanninmu kuwa abin da ya fi damun mutane shi ne raguwar wuta, musamman da magariba idan kowa ya kunna kayansa. Sitata tana buƙatar wuta mai ƙarfi kafin ta haɗe, cok ma haka kafin ya harba, don haka idan wutar ta sauka ƙasa da bolt 180 ko kusa da haka, sai ka ga bakunan ƙwan sun yi ja, fitila tana ƙyafta ido, sitata tana ƙas-ƙas ba tare da haske ya tsaya ba. Kowace ƙyaftawa tana cinye sinadarin da aka shafa wa zaren, kuma shi ne baƙin da ake gani a ƙarshen ƙwan. Da yawa sukan sayi sabon ƙwai su ga bai canza komai ba, domin tun farko laifin na wutar ne. Wani lokacin kuma laifin na sitata ce. Wadda aka rubuta wa S10 ita ce ta ƙwai guda a wutarmu, daga wat 4 zuwa 65, S2 kuwa ta ƙananan ƙwai ce daga wat 4 zuwa 22, ana sa ta inda aka jera ƙwai biyu masu tsawon ƙafa biyu-biyu a kan cok ɗaya. Idan aka sa S2 a dogon ƙwai, ƙyaftawar ba za ta tsaya ba.

Cok na zamani, wanda ake kira na ilaktironik, ba shi da nauyi kuma ba ya buƙatar sitata. Yana juya wutar zuwa mai bugawa sama da sau 20,000 a daƙiƙa, shi ya sa haskensa ba ya rawa, ba ya kuka, kuma ya fi tsohon haƙuri da raguwar wuta. Rauninsa yana wajen hauhawar wuta kwatsam, irin wadda ake samu lokacin da aka dawo da ita ko daga janareta marar na'urar daidaitawa, kuma masu arha daga cikinsu ba sa jure zafin da ke taruwa a ƙarƙashin kwano. A nan ne kaɗai cok ɗin Amurka ke iya yin amfani: idan an rubuta 120–277V da 50/60Hz, wutarmu tana cikin iyakarsa, muddin an haɗa shi da irin ƙwan da aka ambata a jikinsa.

Ga wanda yake sabon gini ko yake aiki da sola da inbata, ni a ganina dogon ƙwai na LED ya fi duka biyun. Mai wat 18 yana maye gurbin tsohuwar fitilar da ke cin kusan wat 45 idan aka haɗa da cok, ba shi da zaiba, yana kuma kamawa nan take. Amma shi ma sai an karanta jikinsa, domin akwai wanda aka rubuta wa 220–240V kawai, akwai kuma mai 100–240V ko 85–265V, kuma wannan na ƙarshen ne ya dace da unguwar da wutarta ke sauka. Ban da wannan, ka nemi mai shago ya kunna maka shi, ka nuna masa kyamarar wayarka. Idan ka ga baƙaƙen layuka suna yawo a fuskar wayar, haskensa yana rawa, kuma sau da yawa alama ce ta cewa an yi rowar kayan ciki. Babu dai fitilar da za ta tsira idan wayar nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta yanke a layi mai fes uku, inda wutar gida ke iya haurawa kusa da bolt 400. Maganin wannan na'urar kariya ce a bakin mita, wadda ke yanke wuta idan ta wuce iyaka.

Akwai kuma batun samun kayan gyara nan gaba. Tarayyar Turai ta hana shigar da sababbin dogayen ƙwan fulorasan nau'in T5 da T8 kasuwa tun 2023, kuma a shekarar ne ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata kan zaiba suka amince a daina ƙera fulorasan zuwa 2027. Wanda yake da fitilu masu tsohon cok kuma wutarsa tsayayyiya ce, babu laifi ya ci gaba da su har su ƙare, amma sayen sababbi da yawa yanzu ba dabara ba ce.

Idan za a sa ƙwan LED a tsohon gida, a kira mai gyaran wuta. Wasu ana ba su wuta ta baki ɗaya, wasu ta bakuna biyu, kuma kuskure a nan yana haɗe waya da waya. Akwai masu aiki da tsohon cok idan aka sauya sitata da wadda ta zo tare da su, amma cok na ilaktironik dole a cire shi sai idan an rubuta cewa ƙwan ya dace da shi. Bayan an cire cok, a rubuta a jikin gidan da alƙalami marar gogewa cewa na LED ne kaɗai, domin wanda ya zo daga baya ya sa tsohon ƙwan gilashi a ciki, wutar bolt 230 ce za ta shige shi kai tsaye.